Mataunina da Magogin Goro

Tun ina yarinya a cikin birni na tsani magogi. Guntun gwangwani ne da ake hudawa da ƙusa, tsohuwar da haƙora suka gudu suka bari ta goga goronta a kai, ta zuba garin a tafin hannu ta lasa kamar akuya ta samu kanwa. Ranar da maƙwabciyata, wadda muka yi aure shekara ɗaya, ta fara ɗaure nata a bakin zane, na yi mata dariya har ta yi kwana uku ba ta leƙo gidanmu ba.

Abin da ya tsaya tsakanina da magogi matauni ɗaya ne, na ƙasa, ɓangaren dama. Da shi nake gwada goron kowane biki na zuri'armu. In an kawo goron ɗaurin aure ba a raba shi sai an miƙo mini ɗaya na tauna, na ce daushe ne ko kuwa an cuci dangin ango.

To, ana nan ana nan, sai haƙorin ya tashi da ciwo. Nan take gida ya cika da masana. Wannan ta ce kanumfari, waccan ta ce tsutsa ce, a turara ta da hayaƙi ta faɗo. Na sha hayaƙi har idona ya yi ja, tsutsa ba ta faɗo ba. Wanzamin unguwa ya ce a cire, na ce ya cire nasa.

Sai 'yata da ke aure a Tukur-Tukur ta sa ni a a-daidaita-sahu ta kai ni wurin wani likita, haifaffen Wusasa. A hanya ta ce shi ba ya cire haƙori, ba ya dasa na roba, cikin haƙori kawai ya karanta. Na yi ta mamakin ɗan mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a wurin da ƙwayar gero ba ta iya juyawa.

Ya ɗauki hoto, ya yi allura, ya shimfiɗa mini wata roba a baki, ya huda haƙorin. Sannan ya shiga zura wasu siraran allurai yana fitarwa, kamar mai yasar rijiya. Da ya zaro wani abu kamar zare na yi masa nuni da hannu, ga tsutsar. Ya ce ba tsutsa ba ce, jijiya ce ta ruɓe, ita ke kai ƙara. Na bar shi da nasa.

Da ya toshe ramin sai ya durƙusa daidai kunnena.

"Mama, wannan toshiyar ta wucin gadi ce. Haƙorin yanzu rumbu ne da aka kwashe, ba jinka. Ki dawo bayan mako biyu in cike shi, a sa masa hula. Kafin nan, ban da goro."

Na ce to, Allah ya yi albarka.

Kwana biyu ciwo ya ɗauke ɗif. Mu kuwa yadda muka taso, wanda ya warke ba ya komawa wurin mai magani hannu biyu yana kiran cuta, tukuici yake aikawa. Na ba 'yata zakara da ƙwaryar goro ta kai masa. Ta dawo ta ce ya gode, amma ya ce in zo. Na gane nufinsa, na aika da zabbi biyu. Ya sake cewa in zo. A nan na ce yaron nan akwai ilimi, sai dai kwaɗayi.

Wata uku bayan haka aka kawo goron auren jikata. Mata sun cika tsakar gida, aka miƙo mini fari, ƙato. Na ɗora shi a mazauninsa na danna. Ƙarar da na ji ba ta goro ba ce. Na dake, na ce daushe ne, a raba.

Washegari ni na nemi a kai ni. Likitan ya ɗauki sabon hoto ya daɗe yana dubawa, ya ce haƙorin ya tsage har saiwa, da na dawo a kan lokaci da wataƙila da shi za a binne ni. Sannan mutumin da ya yi karatu don kada a cire haƙori ya rako ni da kansa ƙofa ta gaba, wurin mai cirewa.

Da la'asar maƙwabciyata ta shigo dubiya. Ta yi mini sannu, ta yi addu'a, ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a gefen tabarma.

"Sabo na sa aka huda miki, Hajiya. Ki riƙa karkata shi, kada ya ci miki yatsa."

Sai da ta fita na ɗauka. Na karkata shi yadda ta ce.