Jiniya a Hanyar Largo

Germantown

Ƙarfe shida saura kwata muka fita, gari bai waye ba, ni da surukina Bitrus. Asibitin Largo za mu, can gaba da Washington. Ƙarfe tara za a shiga da Malam Sani ɗakin tiyata, aikin zuciya. Shi ne ya ɓoye ni kwana uku a ɗakin hatsinsa shekarar da garinmu ya rikice. Tun daga lokacin ban taɓa buɗe baki na gode masa ba. Ban iya irin wannan magana ba.

Mun hau babban titin 270 ke nan sai jiniya ta tashi a bayanmu. Bitrus ya gangara gefe. Shekara talatin na yi ina jan tirela a ƙasarmu, na san ɗan sanda yana son a sauko a gaishe shi. Na buɗe ƙofa.

"Baba, rufe!" in ji Bitrus. "Ɗora hannunka inda zai gani. Nan ba a fita."

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Na rufe. Ashe fitilarmu ta baya ce ta mutu. Minti ashirin da biyar muka yi a wurin.

Cikin jirgin ƙasa

Muka ajiye mota a tashar Shady Grove, bakwai saura kwata muka shiga jirgi. Na tambayi Bitrus sunan jiniya da Turanci. Ya ce siren. Wai daga tatsuniyar Girkawa aka aro shi: wasu mata ne a tsibiri suna waƙa, matuƙan jirgin ruwa su bi muryar, su halaka. Har yau, in ji shi, haka ake kiran mace mai ruɗar maza, da ƙarar motar kashe gobara, har da wata halittar ruwa mai kama da ƙadangare.

Na ce, "Waccan kira take yi, wannan kora. Wa ya haɗa su?"

Ya ce bai sani ba. Ni dai a gida abu biyu na san jiniya da shi: babban mutum zai wuce, ko gari ya ɓaci.

Mun canja jirgi a tsakiyar Washington.

Largo

Takwas da kwata muka sauka, muka ɗauki tasi. Direban ɗan Maradi ne. Jiniya ta sake tashi, duk motoci suka ba da hanya, ba soja, ba bulala.

"Wane babba ne?" na tambaye shi.

"Baba, mara lafiya ne. Wataƙila ma mai shara."

Na bi motar asibitin da kallo har ta ɓace.

Tara saura minti ashirin muka sami Malam Sani, an riga an ɗora shi kan gado mai taya.

"Dauda? Kai, ka tsufa."

"Kai ma ba ka yi kyau ba." Na kama ƙarfen gadon. "Malam, kwana ukun nan. Na gode."

"Sai da ka ga an sa mini riga mara baya?" Ya riƙe hannuna. "Buhun geron da ka zauna a kai ya fashe, shi ma ban manta ba."

Aka tura shi.

Gida

Mun jira da ɗansa, shayi da burodi muka ci. Ƙarfe uku likita ta fito ta ce an gama, zai farka. Takwas na dare muka iso Germantown. Na gode wa Allah. Bitrus ma na gode masa, da baki, tun kafin ya kashe mota.