Dabo Mai Tsani da Kuɗin Iska

A Madadi aka haifi Dabo, kuma tun yana saurayi babu wanda ya kai shi hawan giginya. Shi ya sa a shekarun tsuke bakin aljihu, da aka rage ma'aikatan wuta, wani oga ya ɗauke shi lebura a Gwarzo. Aikinsa ɗaukar tsani da hawa falwaya, ya yanke wutar duk wanda bai biya ba. Ya san ba a son ganinsa a unguwa, amma yana da iyali.

Da aka ƙaddamar da Shari'a Dabo ya yi murna ƙwarai, a zatonsa zalunci ya ƙare. Har ya ɗauki wata ɗabi'a, kafin ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya ce, "Matan gida a kimtsa, za a hau."

A wannan lokacin ne wani ɗan kwangila, Alhaji Musbahu, ya kafa injin iska a kan wani tudu tsakanin Gwarzo da Kabo, dogon ƙarfe mai farfela a ka. Aka ce wuta za ta wadata. Aka tara jama'a a kan wa zai biya kuɗin aikin. Teloli da masu walda suka ce a bari su ga wutar tukuna. Ogan su Dabo ya ce iska kyauta ce, amma inji ba kyauta ba ne. Wata bai ƙare ba aka yi wa kowa ƙari a kuɗin wuta. Mutanen gari suka sa masa suna kuɗin iska, kuma ba yabo suke nufi ba.

Cikin azumi, ana tsananin zafi, aka tura su Dabo gidan Gwaggo Asiya, wata tsohuwa mai riƙon jikoki marayu da cinikin ƙanƙara da zoɓo. Ta biya abin da ta saba biya, ƙarin ne ta ƙi.

Ta ce, "Dabo, wutar da ban gani ba zan biya?"

Ya ce, "Gwaggo, aiko ni aka yi."

Oga ya leƙo daga cikin mota ya ce, "Hau mana, rana tana yi."

Ya hau. Daga can sama idonsa ya faɗa bayan katangar maƙwabta, gidan kajin Alhaji Musbahu. Ga wata waya mai kauri ta taho daga wajen tudun ta shige nan kaɗai. Ƙwayayen lantarki na ci tsakar rana a kan 'yan tsaki, fankoki na juyawa. A gefe an jibge mushen kaji sun kumbura, ƙudaje sun rufe su, ruwansu na tsiyaya ta ƙarƙashin katanga zuwa lungun Gwaggo. Wari ya bugi Dabo har sai da ya rungumi falwayar.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan gidan fa? Ko mita babu."

Oga ya ce, "Ba wurinsa muka zo ba."

Dabo ya sa filaya ya datse wayar tsohuwar. Washegari ya ga jikokinta suna tuttular da zoɓon da ya yi tsami a kwata. Da aka sha ruwa matarsa Zubaidatu ta ajiye masa kunu, ya ture shi gefe.

Bai bar aikin nan take ba, sai da gwiwa ta gaza masa. Daga baya guguwar farkon damina ta karya farfelar, 'yan gwangwan suka kwashe ƙarfen, amma ƙarin bai fita daga kuɗin wuta ba. Dabo ya koma sayar da rake a kasuwar Kabo. Wayar gidansa kuwa da hannunsa ya cire ta. In aka tayar da zancen injin nan a gabansa, sai ya kau da kai ya tofar da yawu, ya ci gaba da fere rakensa.