Ruwan da Ba na Sha Ba

Akwai wata rana da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Kafin ranar, na yi imani cewa ilimi ya ɗaga ni ba tare da ya raba ni da kowa ba.

A lokacin ina mataimakin mudir, wato manaja, a wani kamfanin sayen riɗi a Gadarif, garin da Larabci ne harshen aiki. Da aka ba ni ofis na kaina, sai na sayo abin ado da ake kira nafura: kwanon dutse mai hawa uku, da ƙaramin inji mai tura ruwa sama yana gangarowa. A garin da sai an jira amalanken jaki kafin a cika randa, ni ina da ruwan da ba shi da aiki sai ƙara. Nakan zuba masa magani don kada ya yi gansakuka. Abokan aikina, waɗanda ban taɓa yin Hausa a gabansu ba, suna yabawa, ni kuma ina jin daɗi.

Wata rana da azahar, ana tsananin zafi, baffana ya iso daga garinmu Doka a bayan lori. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta. Ya shigo jallabiyarsa jiƙe da gumi, ya tarar da mudir da baƙi biyu a wurina. Ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, ashe nan kake? Masha Allah."

A gidanmu ba a tambayar baƙo hanya sai an miƙa masa ruwa. Na san haka sarai. Amma hankalina ya tafi ga yadda zan gabatar da shi, ban sa an kawo ba. Ya jira. Da ya ji ƙarar ruwa a kusurwa, ya tashi, ya yi bismilla, ya kamfata da hannu biyu.

"Ya Hajj! Al-moya di ma lish-sharab!" Da Larabci na daka masa tsawa, cewa ruwan ba na sha ba ne.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa maganin na ji masa tsoro. Maganin kam yana ciki. Amma "Baffa, kada ka sha" bai fi abin da na faɗa tsawo ba. Ban ce Baffa ba. Na kira shi yadda ake kiran kowane tsoho a tasha.

Ya buɗe hannuwansa, ruwan ya koma kwanon. Mudir ya yi dariya, ya tambaye ni ko cikin ma'aikatan gona yake. Na yi shiru, kowa kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Baffa ya goge hannu, ya dube ni, ya ce da Larabci, "Ma'alesh, ya ustaz," wato, "Yi haƙuri, malam." Ya fita. Ban bi shi ba sai da baƙin suka tafi. Na tarar lorin Doka ya tashi.

Na je har gida na ba shi haƙuri, ba sau ɗaya ba. Yakan shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shekara tara bayan haka. Har ya rasu bai sake yi mini magana da Hausa ba.