Ƙullin da ke Saiwar Tumatirin Mama

Shekarun baya can, lokacin da aka bar fam aka koma naira, ina aikin reluwe a Kafanchan, mahaifiyata kuma tana ƙauyenmu ta wajen Zangon Kataf. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Ya bar mata lambu a bakin rafi, da tumatir da kuɓewar wurin take riƙe gida.

Sai lambun ya fara lalacewa. Ga ruwa, amma rana na ɗagawa shuka ta yi yaushi. Da ta tuge tumatir ɗaya, ta ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, kamar da hannu aka ɗaure. Dama ƙanin mahaifina ya taɓa cewa lambun ya yi wa mace ita kaɗai yawa. Shi ke nan, Mama ta yanke cewa shi ya ɗaure mata ƙasa. Ta daina gaishe shi, ko a majami'a sai ta canza benci.

Ni kuwa ɗan birni, na kawo takin zamani na zuba babu awo. Wanda ya rage da rai ma takin ya ƙone shi.

Daga nan na ɗauko abokina, malamin gona. Ya duba saiwar ya ce, "Mama, wasu tsutsotsi ne a ƙasa, ido ba ya ganinsu. Su ke shiga saiwa ta kumbura."

Ta ce, "Ɗana, abin da ido ba ya gani, ai shi nake faɗa tun ɗazu."

Ya yi dariya. Ya ce a tuge shukar a ƙone, a haƙa rami a tara kashin awaki, ciyawa, ɓawon gyaɗa da toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe. "Ba zai ƙarar da su ba, amma ruɓaɓɓen taki yana raya wasu ƙwayoyin da ke cinye su. Bana kuma masara za a shuka."

To, garken awaki a unguwarmu na mutum ɗaya ne: wanda Mama ba ta gaisarwa. Na je gidansa, na durƙusa na yi masa bayani.

Ya ce, "Na ji abin da ake cewa na yi. Tashi ka ɗauko kwando."

Da kansa ya riƙa kai takin. In ina wurin aiki, shi ke zuwa juya ramin, Mama na can nesa ta juya baya.

Muka zuba takin, masara ta yi. Shekara ta zagayo aka mai da tumatir. Da ya fara 'ya'ya, Mama ta tuge ɗaya a gabanmu. Saiwa fara tas, sai ɗan ƙulli nan da can. Ta jima tana kallo, sannan ta juya wajen ƙanin mahaifina ta ce, "Maigida, ka gafarta mini."

Ya ce, "Ya wuce. Ni ma maganar da na yi kan lambun ba ta kamata ba."

Bai ga wata damina ba. Da ciwo ya kwantar da shi, Mama ce ke dama masa kunu, ita ce kuma a gefensa ranar da ya cika.

Har yau in na tuna sai in yi ajiyar zuciya. Tumatir ana sake shukawa, amma da takin nan ya makara da shekara ɗaya, da Mama ta tsufa da maganar neman gafarar da ba ta da wanda za ta faɗa wa.