Takardun Sallar Moutari

Ni na ɗauko Moutari daga tashar bas ta cikin gari shekara shida da suka wuce, da jaka ɗaya da takalmin da bai san sanyi ba. Ɗan Tasawa ne, ƙanen abokina. Wata huɗu yana kwana a falona a unguwar Glenwood, nan ƙasar waje. Ni na koya masa riƙon injin goge daɓe, ni na shigar da shi kamfanin da muke sharar ofisoshi da manyan gidajen unguwar Irving Park. Na faɗi wannan ne don a san wane ne gaba da wani.

Ba shi da hayaniya. Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi: in ka nemi abu, sai ya yi jim, ya ce maka e ko a'a, shi ke nan. Mu ba haka aka rene mu ba. Babba ya roƙe ka, ai "to" za ka ce, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Bara sufabaizanmu ya bar aiki. Manajarmu Rachael ta ce ni da Moutari kowa ya riƙe rukuni guda na wata biyu, wanda ya fi iyawa ta ba shi kujerar. Na yi dariya a raina, don shekarata goma sha ɗaya a wurin.

Sai ƙaramar Sallah ta faɗo cikin watannin. Mutanena takwas, shida Musulmi, kowa ya ja ni gefe yana son hutun ranar. Da wane ido zan kalli dattijo kamar Alhaji Rufa'i in hana shi? Duk na ce musu to, ina fatan kunya za ta fito da wasu aiki. Kunya ba ta fito da kowa ba. Ranar Idi masu gidajen Irving Park suka yi ta kira har na kashe wayata.

Ashe shi Moutari tun tsakiyar azumi ya rubuta takarda biyu na rabon aiki, ɗaya idan Sallah ta kama Talata, ɗaya idan Laraba ce, tunda sai an ga wata. Ya shirya da Sylvanus da Celina, Kiristocin rukuninsa, su riƙe Sallah, a riƙe musu Kirsimeti. Mutum biyu ya ce wa a'a ƙiri-ƙiri, suka yi fushin kwana biyu, suka fito aiki. Rachael ba ta ma jira wata biyun sun cika ba, ta ba shi kujerar.

Wallahi na ji zafi, har yanzu ina ji. Abin da ya fi cin raina, bai daina ce mini Yaya ba, kuma da hannu biyu yake gaishe ni.

Bana da Sallah ta matso, na rantse ba zan roƙe shi hutu ba. Na je allon sanarwa na duba takardunsa biyun. A kowacce sunana yana layin masu hutu, nasa yana gurbina.

"Yaya Issaka," ya ce daga bayana, "kai ke da iyali. Je ka yi Idi da yara, ni zan riƙe shif ɗinka. Se bon, ba komai."

Na je filin Idi cikin sabuwar shadda, amma ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar liman ba. Na so a ce ya hana ni, ko na samu abin faɗa a kansa.