Mun Isa Mararrabar Tulum, Muka Juya

A wannan wata ne mijina, Malam Isiyaku, yake cika shekara talatin da biyar da rasuwa. Shekarun da na yi ba shi sun ninka waɗanda muka yi tare, amma har yau idan na dafa shayi da safe sai na ga na zuba ruwan mutum biyu. Duk shekara 'yan uwa sukan kira ni su tuna karatunsa da haƙurinsa, ni ma in amsa da amin. Abin da ba na faɗa musu shi ne, ni idan na tuna shi, wata rumfar ciyawa nake gani a bakin titi a ƙasar Meksiko, da shi a tsugune yana yi mini fifita da hularsa.

A ƙarshen shekarun 1970 muka zo garin Greensboro a Amurka. Malamin tarihi ne a wata kwalejin horar da malamai a Kano, ya samu damar ƙaro karatu, na biyo shi daga baya. Muka kama ɗaki a wani bene kusa da High Point Road. Hausawan garin a lokacin, in an taru ranar Sallah, falo ɗaya yake ɗauke mu. Shi yana zuwa makaranta da safe, da yamma ya yi lodin kwalaye a wani sito. Ni kuma ina kula da wata tsohuwar Baturiya a Irving Park, unguwar da ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai irinmu masu zuwa aiki.

Malam mutum ne mai son kufai. Tun a gida, ɗalibansa sun san ranar Asabar ta yawon ganuwa ce, ya tsaya a gindin tsohon gini ya yi ta bayanin waɗanda suka kwaɓa ƙasar. A nan Amurka abin da ya fi damunsa shi ne komai sabo ne. Wata rana ya dawo daga laburare da murna, ya nuna mini hoton wani tsohon gari na ƙabilar Maya a Meksiko, mai suna Tulum, a kan tudu a bakin teku. Ya ce, “Ki duba, Rakiya, su ma ganuwa suka yi. Dubi ƙofofin, ƙanana, sai mutum ya sunkuya. Wa ya gaya musu, wa ya gaya mana?” Daga ranar sunan garin ya zauna a gidanmu kamar na wani ɗan uwa da ke nesa.

Ba mu taɓa sa ran zuwa ba. Sai ga shi a tsakiyar shekarun 1980 tsohuwar da nake wa aiki ta shirya tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa ita da ƙanwarta, kafin ranar sai tsohuwar ta faɗi ta karya ƙugu. Ta sa ɗanta ya mayar da takardun da sunanmu. Da farko Malam ya ce me zai kai shi jirgin da ake kiɗa da giya. Da ya ga cikin wuraren da jirgin zai tsaya har da tsibirin Kozumel, wanda ke kallon gaɓar da Tulum take, sai ya tashi ya fara neman jakarmu.

Muka bi doguwar bas zuwa Miami, muka hau jirgin. Kifi da burodi muka yi ta ci, shi kuma kullum yana bin ma'aikatan jirgin da tambayar ina gabas take. Masu jirgin suna da tasu motar mai sanyi da ɗan jagora, wadda ke kai fasinjoji kufan ta dawo da su. Malam ya ƙi. Ya ce yana so ya zauna kusa da jikokin waɗanda suka yi ginin, ya ji warin kayan miyarsu, ba ya kalle su ta gilashi ba. Wani mai share ɗakuna ya kwatanta masa hanya: a hau ƙaramin jirgin fito daga tsibirin zuwa wani ƙauyen masunta a gaɓa, a fita babban titi, a tare bas mai zuwa kudu, a sauka a mararraba, sauran kuma tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ya ja masa kunne cewa babban jirgi ba ya jiran kowa.

Tun da muka shiga teku nake jin tashin zuciya, na ɗauka rawar jirgi ce. Sau biyu na yi ɓari a baya, har na cire rai da haihuwa, don haka tunanina bai je can ba. A safiyar ranar ya tambaye ni ko zan iya, na ce zan iya.

Jirgin fiton ya yi ta tsalle a kan ruwa, na daure. Bas ɗin da muka samu tsohuwa ce, cike da mata masu fararen riguna da aka yi wa aiki a wuya, da buhunan masara, da kaji a ɗaure. Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki irin na ranar ba. Da 'yan kalmomin Sifaniyanci da ya tsinta a wurin abokan aikinsa na sito ya yi ta hira da wani dattijo, rabi da baki rabi da hannu, suna dariya. Ni kuwa zafi ya rufe ni, daji yana ta wucewa ta taga iri ɗaya. Sai na ji marata ta murɗa, irin murɗar da na sani.

Da direba ya tsaya a mararrabar, Malam ne ya sauko da ni a kafaɗarsa. Ga allo da sunan Tulum, ga hanya ta miƙe cikin bishiyoyi, ana jin iskar teku. Ginin kansa ba a hango shi daga nan. Wata mata mai sayar da abinci a rumfar ciyawa ta taso ta kama ni, ta kwantar da ni a ragar da suke ɗaurewa su kwana a ciki, ta fasa kwakwa ta ba ni ruwan. Ta dube ni da kyau, ta ɗora tafinta a kan cikina, ta juya ta kalli Malam ta gyaɗa kai. Ba mu da yare ɗaya da ita, amma dukanmu mun gane.

Na ce masa, “Malam, ka je ka gani ka dawo, ga ni a hannun wannan baiwar Allah.” Sau ɗaya na faɗa, kuma ina faɗa ina riƙe da hannun rigarsa. Ya dubi hanyar, ba zan ce bai duba ba. Sannan ya tsuguna ya cire hularsa ya ce, “Duwatsu ne, Rakiya. Sun daɗe a nan, ba inda za su.” Da wata motar ɗaukar kaya ta zo za ta arewa, matar ta tsayar da ita. Aka sa ni a gaba, shi ya hau baya cikin tarin lemo. Muka sake hawa jirgin fito, muka isa babban jirgi da sauran rana, likitan jirgin ya ce in kwanta kada in motsa. Cikin ya zauna. Shi ne Hadiza.

Duwatsun ba su je ko'ina ba, shi ne ya tafi. Kowace shekara mukan ce baɗi: yarinya ta yi ƙanƙanta, karatu bai ƙare ba, ga hidimar gida. Hadiza ba ta shiga firamare ba zuciyarsa ta tsaya yana wurin aiki. A nan garin muka binne shi, 'yan uwa Musulmi baƙaƙen Amurka da Larabawa da 'yan Pakistan suka cika sahu.

Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi, kuma na san babu malamin da zai ce na yi zunubi. Amma zuciya ba ta jin fatawa. Da na ce ba zan iya ba tun da safe, da ya bar ni a jirgi kusa da likita ya tafi shi kaɗai. Da na saki rigar nan na maimaita maganata da ƙarfi, wataƙila da ya ruga ya leƙa ta ƙofa ɗaya. Mutumin da bai taɓa roƙon komai don kansa ba, abu ɗaya ya so, ya zo har bakinsa, ni ce dalilin juyawarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake ba baƙi labarin tafiyar. Sai ya yi ta bayanin bas da kaji da dattijon nan da matar rumfa, yana dariya har da hawaye. In an ce to kufan fa, ya ce, “Yana nan lafiya,” ya miƙa wa baƙo faranti.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Titinmu na High Point Road an sake masa suna, ya zama Gate City Boulevard, kuma a kansa nake sayen daddawa da kuka, abin da a da sai an yi mana saƙo daga gida. Hausawa sun yi yawa har ban san wasu ba, yara suna ce mini Hajiya Kaka. Jikana ya taɓa nuna mini Tulum a waya, hanyar gaba ɗaya, inda ake hawa da inda ake sauka, har da ƙananan ƙofofin. Na ce ya kashe. Ina jin Malam zai yi murna da saukin, sannan ya tambaya ko har yanzu mutane suna yi wa na kusa da su magana a mota, ko kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

A bara ne na ba Hadiza labarin daga farko har ƙarshe. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu, da 'ya'yanta uku, mahaifinta kuwa ba ta tuna komai nasa sai ƙamshin turare. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce da Hausarta mai tsalle, “Mama, ke nan ni na hana Baba gani?”

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Na ce kada ta sake faɗin haka, ko da wasa. Na ce da za a kawo mini garin nan dukansa da tekunsa a ce in ba da farcenta ɗaya, ba zan ko duba ba. Ina faɗa ina jin gaskiyar abin har cikin ƙashina, babu ko ɗigon lallashi a ciki. A nan ne ya faɗo mini, bayan duk shekarun nan, cewa wataƙila shi ma ba lallashina yake yi ba.

Ban ce nauyin ya sauka ba, a shekaruna mutum ya saba da kayansa. Malam bai bar gida ba, bai bar littafi da sunansa ba, digirin ma ana gab da ba shi ya tafi. Abin da ya bari shi ne 'ya guda da ta san yadda ake juya wa abin so baya saboda mutum, ba tare da an sa shi ya ji an yi masa alfarma ba. Na ga haka a hannun Hadiza idan tana juya marar lafiya. Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya nuna masa abin da ya fi wanda ya bari a bayan bishiyoyin nan. Matar rumfa kuma, da ban san sunanta ba, Allah Ya san shi.