Babi na Uku na Bashir

Safiyar Talata ce, ranar da za mu bar garinmu zuwa Kano mu hau jirgin komawa Kuala Lumpur. Ƙarfe bakwai Inna, mahaifiyar Bashir, ta kawo mana koko da ƙosai a zaure. Jakunkunanmu na jingine da bango. Bashir ɗan baffana ne. Tare muke koyar da tarihi, tare muka samu gurbin ƙaro karatu, gida ɗaya muke zaune a unguwar Pantai Dalam da ke can.

Ni na fara gano mutumin da Bashir yake rubutu a kansa. Lauya ne, farar hula na farko da ya mulki Brazil bayan sojoji biyu. Ya kwanta ciwo, mataimakinsa ya riƙe kujera har ya ji daɗinta, shi kuwa ya dawo ba sanarwa ya karɓe abarsa. A zamaninsa soja suka shafe wani gari na talakawa. Na ba Bashir labarin a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, muna shan shayi. Bayan mako biyu ya kai wa Farfesa, malamar da ke duba aikinmu, ya ce batunsa ke nan. Ni aka bar ni da tarihin haƙar kuza. Abin ya tsaya mini a rai.

Farfesa ba ta gyara a kwamfuta. Takarda take karɓa, ta bi ta da koren biro, kwafi ɗaya tak. Bashir ya ba ni babinsa na uku in duba. Duk inda na buɗe sai in ga ta yaba a gefen shafi. Na karanta sau biyu, zuciyata na tafasa. Kishi na ji, ba wani abu ba. Na zura babin a jakata.

Safiyar Talatar, bakwai da rabi ya tambaye ni babin. Na ce na mayar masa, yana ɗakinsa a kan taga. So nake ya birkice ɗakin, ya yi gumin minti goma, sannan in ce af, ga shi a wurina. Ya ce boleh, wato "to" da yaren Malaysia, in ya gama koko zai ɗauko.

Takwas saura kwata muka ji baburan ɓarayin daji. Suna da yawa, ta gabas suke tafe. Sai harbi daga bakin kasuwa, ɗaya-ɗaya, sannan a jere. Kaji suka watse. Wata mata tana kiran sunan ɗanta ba tsayawa.

Baffa ya leƙo zaure. "Ta baya! Ku nufi rafi!"

Na fizgi jakata. Bashir ya goya Inna. Muka haura katanga muka faɗa gonar dawa. Ganye na yankar fuska. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbuna. Takwas da 'yan mintoci muka kai tsamiyar bakin rafi. Ya sauke Inna, ya dubi hannuwansa.

"Babina," in ji shi. "Riƙe Inna, Nasiru."

Ya juya da gudu. Jakar tana bayana. Na buɗe baki, sai na tsaya neman yadda zan faɗa ba tare da ya gane ƙarya na yi ba. Numfashi uku ne, ko huɗu. Da na yi ihu na ce yana wurina, dawa ta riga ta rufe shi, bindiga kuma ta fi muryata.

Mun jira har tara. Harbi ya matso. Na goya Inna muka bi cikin rafi, ruwa zuwa gwiwa. Sha biyu muka kwanta a cikin ciyawa, babura biyu suka wuce a kan gada. Inna ba ta yi kuka ba. Duk bayan ɗan lokaci sai ta waiga. La'asar muka kai kwalta, wata motar itace ta ɗauke mu.

Washegari da hantsi muka koma da mazan gari. Gawar Baffa tana tsakar gida. Ta Bashir tana bakin ƙofar ɗakinsa. An ɗaga katifa, an zazzage akwatin littattafai, an ture komai daga kan taga. Mutane suka ce ɓarayin ne suka yi bincike. Ni na san Bashir ne, babinsa yake nema.

Bayan mako uku na sauka Kuala Lumpur ni kaɗai. Jirgin ƙasa na wucewa ta bayan gidanmu kamar kullum. Mai shagon mamak ya kawo shayi kofi biyu kafin ya lura. Na kai wa Farfesa babin, na ce Allah ne ya sa yana jakata. Ta daɗe tana shafa shafin farko. Sannan ta ce batun ba shi da mai shi yanzu, in ina so in ɗauka. Na karɓa.

Babin ya tsaya ne a ranar da shugaban na Brazil ya je bakin teku tarbar sojojinsa. Wani soja ya auna shi, bindiga ta ƙi tashi, ya zaro wuƙa. Ministan yaƙi ya shiga tsakani, shi aka soka ya mutu. Shugaban ya ƙarasa wa'adinsa ya koma garinsu. Wannan ɓangaren ni zan rubuta, kuma wata bakwai ke nan ban ƙara layi ɗaya ba.

Daga gidanmu mutum biyu aka kashe, Baffa da Bashir. Har yau Inna ba ta san ƙaryar da na yi masa ba. Babin shafi arba'in da uku ne. Wuri goma sha ɗaya Farfesa ta rubuta masa cewa ya yi kyau. A nawa wuri huɗu ne. Jiya ma na sake ƙirgawa.